Reshen da Ya Faɗa Ɗakin Adda Salma

Wanki nake yi a bayan gida ranar da na fara jin reshen nan yana kuka. Iskar ba ta da wani ƙarfi, amma sai na ji ƙiii, kamar an tura tsohuwar ƙofa. Na ɗaga kai. Mangwaron Baba Vandi, maƙwabcinmu, ya miƙo babban reshensa ta kan katanga ya kwanto daidai saman ɗakin Adda Salma, ya yi jingim da 'ya'ya. A gindin reshen, inda ya rabu da uwar itacen, akwai tsaga baƙa wadda hannuna zai iya shiga, gara ta yi hanya a bakinta.

A Sabon Layi ne, nan Mubi, bazarar shekarar 2016, bayan mun dawo daga gudu mun fara ɗinke zama. Gidanmu na gandu ne. Yaya Abdulhamid, yayan mijina, shi ne babba, shi ke yanke magana. Adda Salma kuwa matar Ɗanjuma ce, na tsakiyarsu, wanda ya fita neman mota ranar da yaran nan masu bindiga suka shigo gari daga daji, har yau ba shi ba labarinsa. Mu mun gudu Yola. Ita ta zauna, saboda Inna, surukarmu, ba ta iya taka ƙasa, kuma ba wanda ya tsaya ɗaukarta. A hannunta Inna ta cika. Da muka dawo, maimakon godiya sai tambayoyi a bayan idonta. Wa ya ciyar da su? Me ya sa ba a taɓa ta ba? Yaya ya ce yana bukatar ɗakinta don ajiye kayan shago, aka mai da ta ita da ɗanta Mahmudu ɗakin baya, inda da ake zuba hatsi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yata Rukayya. Shekarunta huɗu, kuma in ka neme ta ka rasa, tana ɗakin nan suna wasa da Mahmudu.

Da Murtala, mijina, ya dawo daga kasuwa na ja shi na nuna masa.

Ya ce, "Na gani. Ki bari in gaya wa Yaya."

"Baban Rukayya, ba gaya wa ba, a sare. Ruwa ya kusa sauka."

"Itacen namu ne da za mu sare?"

Washegari Yaya da kansa ya kira ni. Yana zaune a kan tabarma yana jan carbi, bai ko dube ni ba.

Ya ce, "Na'imatu, na ji saƙonki. Ke yarinya ce, ba ki san zamanin da muke ciki ba. Kin san Zira, ɗan mutumin nan, ɗan banga ne? Kalma ɗaya zai faɗa wa sojoji, a zo a kwashe mazan gidan nan. Mu da muke da abin da za a nuna a cikin gida." Ya karkata haɓa wajen ɗakin baya. "Zan yi masa magana a hankali. Kafin nan, kada in ga yaro ko babba ya tsinci mangwaro ko ɗaya da ya faɗo gidan nan. A tara a daro a kawo mini, ni zan mayar masa. Kada a ce mun ci haƙƙinsa."

Wannan doka ta ba ni mamaki. Tun tasowata na san abin da ya faɗo tsakar gidanka na yaranka ne, ko itacen na liman ne. Amma na ce babba ya fi ni hange. Kullum da safe na riƙa tsince su ina kai daron ƙofar Yaya, Rukayya na bina tana haɗiyar miyau.

Ruwan farko ya zo da guguwa. Wani ƙaramin reshe ya ɓalle ya huda kwanon ɗakin Adda Salma, ya tsaga azara ɗaya. Da na leƙa na tarar ta jera kwanuka da bokiti a ƙasa, ta naɗe katifa ta jingine a lungu, Mahmudu na zaune a kai kamar ɗan tsako.

Na ce, "Adda, ki kwaso kayanki ki dawo ɗakina."

Ta ce, "Ki fara tambayar mai ɗakin."

Na tambaya. Murtala ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "In aka zo bincike aka same ta a ɗakinmu fa? Yaya ya ce kowa ya zauna inda aka ajiye shi. Yaron dai ya riƙa kwana nan."

Haka aka yi. Mahmudu na kwana wurina, uwarsa na kwana ƙarƙashin huda. Da leda da duwatsu muka toshe, iska ta yaye. Na roƙi kwano guda cikin tsofaffin da ke jingine a zaure, Yaya ya ce lissafin shago ne. Bango ya sha ruwa ya fara kumbura. Adda ta kama tari mai zurfi, irin wanda ake ji daga tsakar gida. Ɗinkin hula take yi tana samun na sabulu, zaren ya jiƙe, hula biyu suka yi tabo, mai su ya ƙi karɓa. Ta rame har ɗankunnenta ya yi mata girma.

Duk lokacin da na tuna wa Yaya, da amsarsa a shirye. Yau ya ce Baba Vandi ya tafi Gella. Gobe ya ce ya same shi, ya ce itacen mahaifinsa ne ya dasa, ba mai sa masa gatari. Wata rana ya ce, "Ya ce in mun isa mu taɓa."

Ba zan ɓoye ba, na tsani tsohon nan. Sau da yawa ina ganinsa da hantsi, ya taka wani abu ta cikin gidansa ya leƙo kan katanga, yana duban sama yana duban ɗakin Adda. Na ce a raina leƙen asiri yake yi, yana tara abin da zai gaya wa ɗansa. In matarsa ta gaishe ni a bakin famfo sai in amsa a ciki. Na hana Rukayya zuwa ƙofarsu. Na hana ta ɗakin baya ma, amma yaro da abokin wasansa, sai dai in ka ɗaure shi.

Wata Juma'a Adda Salma ta sa hijabi ta je ta durƙusa gaban Yaya da kanta. Ina bakin murhu ina ji.

Ta ce, "Yaya, don Allah ko rumfar zaure ce a ba ni kafin damina ta wuce. Reshen nan ba ya barina barci."

Ya ce, "Ikon Allah. Ke da kika zauna cikin harsashi da bama-bamai ba ki ji tsoro ba, yau reshe ne ya hana ki barci? Ko waɗancan kin san ba za su taɓa ki ba ne?"

Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta ce, "Allah ya huci zuciyarka," ta tashi. Daga ranar ba ta sake roƙon kowa ba.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Hadari ya taso daga wajen duwatsu, gari ya yi duhu lokaci guda. Ina kwashe shanya, ina ƙwala wa Rukayya kira, sai na ji kukan reshen nan ya canza, ya zama tas, tas, kamar ana karya kara. Na ga Adda ta jefar da tukunyar da ke hannunta ta faɗa ɗakin a guje. Rukayya ce ta fara fitowa, an wurgo ta kamar ƙunshin kaya. Mahmudu ya biyo. Sai duniya ta yi ƙara.

Da ƙura ta lafa, babu ɗaki. Ganye ne da kwano da jar ƙasa, da mangwaro birjik ko'ina. Adda na kwance a bakin ƙofa, rabin jikinta a waje, reshen ya danne mata ƙafar dama tun daga cinya.

Mazan gidan duk suna kasuwa. Wanda ya fara dirowa ta katanga Baba Vandi ne, da gatari, tsoho da shi, ɗansa Zira na biye. Suka sassare, suka sa turmi da taɓarya suka ɗaga, na ja ta. Da na ga yadda ƙafar ta juya, sai bakina ya kuɓuce.

Na ce, "Ka ga abin da ka yi? Hankalinka ya kwanta? Sau nawa aka roƙe ka?"

Ya tsaya da gatari a hannu, ruwa na zuba masa a fuska. Ya ce, "Aka roƙe ni? Ni?" Ya dubi ɗakin, ya dubi Adda. "Matan nan yana kwana nan ne har yanzu?"

Ban saurare shi ba. Zira ne ya tsayar da keke mai ƙafa uku, muka kai ta wurin mai ɗori. Ya ce karaya biyu ce, ta cinya ita ce mai wuya. Ihun da ta yi da ana jan ƙafar, har yanzu in na tuna sai in ajiye abin da nake ci. Muka dawo da ita, na shimfiɗa mata a ɗakina. Ban tambayi kowa ba, Murtala ma bai hana ba.

Da gari ya waye na ji hayaniya a bayan gida. Na fita na tarar da maza uku da manyan kwanduna, suna tsinke mangwaro daga reshen da ya faɗi. Ɗaya yana tsaye a kan katifar Adda, yana ɗaga kwano yana zaro na ƙarƙashi. Yaya na gefe yana cewa a ware masu tabo daban. Wasu biyu kuma suna can saman itacen da gora.

Na matsa kusa da wani dattijo cikinsu na ce, "Sannu baba. Baba Vandi ne ya turo ku?"

Ya ce, "A'a, Hajiya. Na Alhaji ne ai." Ya nuna Yaya. "Shi ya sayi kan itacen tun yana fure. Da ma sati mai zuwa za mu sauke, ruwa ya riga mu. Wannan reshen kaɗai ya kai rabin kayan."

Haka ake yi a nan. Mai itace ya sayar da 'ya'yan shekara tun suna fure, ya karɓi kuɗinsa ya huta. Daga nan har a sauke, ko ganye ba zai taɓa ba sai da yardar wanda ya saya. Kowa ya san wannan. Ni ma na sani. Abin da ban sani ba shi ne daron da nake kaiwa ƙofar Yaya kullum bai taɓa ƙetare katanga ba.

Na sa mayafi na shiga gidan Baba Vandi, gidan da na yi wata da watanni ina kauce wa ƙofarsa. Na durƙusa na ce ya yafe mini maganar jiya.

Ya ce, "Tashi, 'yana. Ka zauna." Hausarsa irin ta tsofaffin nan ce, mace da namiji duk ka ne. "Sau biyu na kawo mai injin yankan itace. Na farko, Alhaji ya ce in na yanka in biya shi duka itacen, ni kuma kuɗin na riga na sa a rufin gida, ka san sun ƙona mana. Na biyu na ce to, ko ba a yanka ba a cire matan nan. Ya rantse ya cire shi, ya ce ɗakin, kaya ne kawai a ciki. Ina leƙawa kullum ina ganin tsagan yana buɗewa."

Na ce, "Baba, me ya hana ka shigo ka tambaye mu?"

Matarsa ce ta amsa. Ta ce, "Ya ce mana matar tana da mutane a daji. Ya ce duk wanda ya shiga harkarta za su zo masa. Mu kaɗai ne Kirista da muka dawo layin nan, Maman Rukayya. Ke da kanki kin daina gaishe ni. Me za mu ɗauka?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Mu an ce mana su ne abin tsoro, su an ce musu mu ne. Katanga guda tsakaninmu, kowa na leƙen kowa, mutum ɗaya yana tsakiya yana jiran mangwaro ya nuna.

Ban gama haɗiye wannan ba sai na ji Yaya ya kai ƙara wurin Jauro, mai unguwarmu. Wai Baba Vandi ya biya ɗaki, ya biya ɗori, tunda itacensa ne ya yi ɓarna.

Na ce wa Murtala, "Ka san shi ya sayi kan itacen?"

Ya kau da kai. Ya ce, "Na ji ƙishin-ƙishin."

"Tun yaushe?"

"Na'imatu, yayana ne. A shagonsa nake tsayawa."

"'Yarka ce ta fara fitowa daga ɗakin nan. Da Adda ta tsaya neman takalmi, da yau ana sadakar ukun Rukayya."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ranar zaman, maza suka cika zauren Jauro. Ba a kira mace ba. Na goya jaririna, ƙanen Rukayya, na riƙe hannun Rukayya, na tsaya daga bakin ƙofa. Yaya ya yi magana mai tsawo a kan haƙƙin maƙwabtaka da haƙurin da gidanmu ya yi. Baba Vandi ya faɗi nasa. Yaya ya ce, "Wa ya shaida? A gaban wa ya zo da mai injin?" Na ga wasu suna kallon tsohon da irin kallon da ni ma na yi masa.

Na yi sallama daga waje. Na ce, "Allah ya ja zamanin Jauro, ni matar gidan ce. Ni na riƙa tara mangwaron ina kai wa Yaya. A tambaye shi kwandunan da suka fita daga gidanmu washegarin abin, wa ya sa aka loda su, kuma rumfar wa aka kai."

Yaya ya ce, "Murtala, matarka ce ke magana a zauren maza?"

Jauro ya ɗaga hannu. Ya ce, "Alhaji, kai ka sayi kan itacen?"

"Ciniki ne na halal."

"Ban ce haram ba ne. Kai ka hana a sare?"

"Na ce a dakata 'yan kwanaki. Ni na aiko iska? Abin da Allah ya rubuta ai ba mai kankarewa."

Nan aka shiga salati da gyaran murya. Wani ya ce kowa da laifinsa. Wani ya ce garin nan ya sha wuya, kada a tayar da abin da zai raba unguwa. A ƙarshe Jauro ya yanke: Yaya ya tayar da ɗakin da kuɗinsa, Baba Vandi ya sare duk reshen da ya ƙetaro katanga, a yi musafaha a yafi juna. Aka shafa fatiha.

An yi maganar kwano, an yi maganar azara, an yi maganar bulo. Ba wanda ya ambaci ƙafar Adda Salma.

Baba Vandi bai tsaya a reshe ba, itacen gaba ɗaya ya sa aka kayar. Shi ya riƙa biyan mai ɗori ba tare da an ce ya biya ba, matarsa na kawo kunun gyaɗa kullum da safe. Yaya ya tayar da ɗakin kamar yadda aka ce, da bulon siminti da sabon kwano, ya sa masa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, ya zuba buhunan shago a ciki. Ya daina amsa gaisuwata. A gidan aka sa mini suna mai tonon asiri. A waje kuwa, labarin da ya fi yawo shi ne itacen maƙwabci ya karya matar Ɗanjuma, kuma Alhaji ya yafe don girman Allah.

Ƙafar ta haɗe a karkace, ta fi ɗayar gajarta. Bayan damina wanta ya zo daga garin Uba ya ce zai tafi da ita. Yaya bai hana ba. Abin da kawai ya ce shi ne Mahmudu ɗan gidan ne, in ya isa makaranta a dawo da shi.

Ni na raka ta tasha. Tana dogara sanda, kayanta duka ƙulli biyu. Rukayya ta riƙe gefen zaninta ta ƙi saki.

Na ce, "Adda, ki yafe mana."

Ta yi ɗan murmushi. Ta ce, "Wancan karon na zauna, aka ce me ya zaunar da ni. Yanzu zan tafi, ki saurara, za a ce wurin wa na tafi."

Ko sati ba a yi ba na ji shi da kunnena a bakin famfo. Wata ta ce ai hanyar Uba ita ce hanyar daji.

Na ajiye bokitina na ba su labarin daga farko, da daro, da kwanduna, da mutumin da ya taka katifa. Wasu suka saurara, wasu suka ɗauki ruwansu suka wuce. Tun daga ranar duk inda aka tayar da zancen sai na faɗa, shi ya sa ma na zauna na rubuta. Matar nan ta tsaya wa Inna lokacin da 'ya'yan cikinta suka tsere, ta tsaya wa 'yata lokacin da ubanta ya san gaskiya ya yi shiru. Abin da gidanmu ya saka mata da shi ke nan. In kun ji ana cewa itacen maƙwabci ne ya karya Adda Salma, ku ce a nuna muku wanda ya kwashe kwandunan.

Rukayya ta shiga makaranta bana. Ran nan ta tambaye ni me ya sa Mama Salma take tafiya a karkace. Ubanta na zaune yana cin tuwo. Na ce ta tambaye shi.